Tasalla Mai Hoto a Birnin Murjani

A ƙarƙashin Bahar Maliya, daura da garinmu Zangon Gishiri, akwai wani birni wanda gidajensa suke da rai. Ba a kwaɓa musu ƙasa, ba a ɗora musu azara. Da kansu suke tsirowa, su yi rassa, su yi ɗakuna da zauruka da lunguna, kifaye da aljanun ruwa suna zaune a ciki. Birnin Murjani ake ce masa. Kakanninmu sun ji labarinsa tun lokacin da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a wannan gaɓa, suka ce bari su ɗan huta kafin su ƙetare. To, hutun ne muke kan yi har yanzu.

A duk tarihin garin nan, waɗanda suka shiga birnin suka fito da ransu su ne Nomau masunci da ƙanwarsa Tasalla mai hoto.

Tasalla hoton biki da suna take ɗauka, kuma mata ba su da kamarta, don ba ta barin aibin mutum ya fita a hoto. In bangon gidanku ya tsage, sai ta rataya labule ta tsayar da ku a gabansa. In amarya ta wayi gari da ƙurji a goshi, kafin a wanke hoton ta shafe shi. Ita a wurinta sana'ar hoto sana'ar rufin asiri ce. Daga baya wasu baƙi masu binciken teku suka sauka garinmu, suka koya mata nutso, da za su tafi suka bar mata kyamara a cikin akwatin gilashi, mai fitila a ka. Tun daga nan, in babu biki, tana cikin ruwa tana bin kifaye tana fama da su su tsaya, su kuwa ba su san wani abu wai shi "ɗan matso nan" ba.

Nomau kuwa masunci ne na gaske, sai dai akwai gajen haƙuri. Da kifi ya fara ja da baya, sai ya koyo kamun nakiya: a ɗura ta a kwalba, a kunna, a wurga, ta tashi a ƙarƙashin ruwa, kifi ya taso sama a mace, babba da ƙarami. Kowa a garin ya sani. Ba wanda ya ce uffan, saboda kowa na cin kifin.

Wata rana da hantsi ana tsakiyar cin kasuwar kifi, sai ga jirgin Nomau ya nufo gaɓa yana keta iska, babu mai tuƙi. Da ya tsaya aka leƙa, babu Nomau. Wata tsohuwar kififiya ce a ciki, bayanta ya kai faɗin turmi biyu, gansakuka ta rufe shi. Ta ɗago kai ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ta yi gyaran murya.

"Salamu alaikum, mutanen tudu," in ji ta. "Ni ce Jakadiyar Magajiya, mai mulkin Birnin Murjani. Mai wannan jirgi yana hannunmu. Ya jefa wuta a unguwar gabas, ya ɓara garu, ya kashe manya da ƙanana. An yanke masa hukuncin tsayawa a gurbin da ya ɓara, dutse ya tsiro a jikinsa har ya toshe kafar. Amma a shari'armu ba a rufe fuskar mai laifi sai wani nasa ya zo ya yi magana. Wa zai biyo ni?"

Nan fa maza suka fara tuna abubuwa. Wani ya tuna ya bar akuya a kwance, wani kunnensa ya soma ciwo. Sarkin Ruwa kansa, shugaban masunta, ya tuna bai yi sallar walaha ba, shi da ba a taɓa ganin ya yi ta ba. Kafin ka ce me, gaɓa ta zama saura mata da kwandunan kifi.

Tasalla ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu je."

Ta ruga gida ta ɗauko kyamararta, don ko gidan gaisuwa ba ta zuwa babu ita, ta kinkimo tukunyar iskar da take goyawa in za ta nutse. Jakadiya ta ce ta ajiye tukunyar, inda za su ba ta isa. Ta tofo wata 'yar katantanwa fara ta miƙa mata.

"Sa ta a ƙarƙashin harshe. Da ita za ki yi numfashi, da ita za ki yi magana. Sai dai ba ta jure ƙarya. Duk ƙaryar da ta fito daga gare ki, za ta narke kamar gishiri."

"Ni ba na ƙarya, Iya."

"Haka kowa ke cewa a bakin gaɓa," in ji Jakadiya. "Riƙe bayana."

Suka nutsa. Suka wuce inda Tasalla ta saba iyo, suka wuce inda ta taɓa leƙawa ta ji tsoro ta koma, ruwa yana ƙara shuɗi yana ƙara sanyi. Ba su jima ba suka iske wani daji, amma ba na itace ba. Tsofaffin taruna ne da masunta suka yasar, sun harɗe da juna suna yawo su kaɗai, cike da kifaye, wasu na shure-shure, wasu sun zama ƙashi. Daga tsakiyarsu wani aljani ya miƙe, jikinsa duk ƙulli ne da igiya, idanunsa goran da ake ɗaura wa taru. Ya buɗe hannuwa ya tare hanya.

"'Yar masu saƙa ta zo," in ji shi. "Ke 'yar Adam, ku kuka saƙa ni, kuka ce in kama. Na kama. Kuka tafi kuka bar ni, ba wanda ya dawo ya ce in daina. Ina kamawa ba mai karɓa, na gaji ba mai sallamata. Yau ke zan kama, ko na samu wanda zai zo nema."

Igiyoyi suka naɗe mata ƙafa. Tasalla ta lalubo wuƙar da ke ɗaure a ƙwaurinta. Amma da ta dubi ƙullin da ya riƙe ta, sai ta ga irin na garinmu ne, wanda tsofaffi ke zama gindin bango suna yi. Sai tausayi ya kama ta. Ta mayar da wuƙar, ta rusuna yadda ake rusuna wa babba.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce. "Ka yi abin da aka sa ka, har ka wuce. Laifinmu ne da ba mu zo mun sallame ka ba. A madadin masu saƙa, na sallame ka. Ka huta."

Aljanin ya yi wata doguwar ajiyar zuciya. Ƙulle-ƙullen jikinsa suka warware ɗaya bayan ɗaya, tarunan suka zube ƙasa, kifayen da ke da sauran rai suka watse. Abin da suka ji na ƙarshe daga gare shi shi ne, "Na gode, 'yar nan."

Daga nan suka faɗa wani fili wanda ledoji suka cika, farare da baƙaƙe, suna lilo a ruwa. Akwai wata halitta mai yauƙi da kififiya ke ci, ledar nan kuwa ba ta da maraba da ita. Jakadiya, duk da girman muƙaminta, ta kasa daurewa. Ta kai cafka ta haɗiye wata, nan take ta shaƙe, idanunta suka firfito, ta fara juyawa tana nutsewa. Tasalla ta zura hannu har gwiwar hannu cikin maƙogwaronta ta zaro ledar. A jikin ledar har da sunan wani shagon garinmu.

Jakadiya ta daɗe tana tari. Da ta dawo hayyacinta ta gyara zama ta ce, "Wannan magana ba sai ta kai fada ba."

"Ban ga komai ba, Iya," Tasalla ta fara cewa, sai ta ji ɗanɗanon gishiri a bakinta. Ta yi maza ta gyara. "Na gani, amma ba zan faɗa ba."

A ƙofar birni wata mesar ruwa ce ke gadi, ta hangame baki, wasu 'yan kifaye wanzamai suna shiga suna fita suna yi mata sakace. Ba ta samu damar tambaya ba, da kai kawai ta yi musu alama suka wuce. Tasalla ta saki baki. Gidaje ne bisa gidaje, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar faifai, kifaye dubu-dubu suna kai da komo a tituna, aljanu masu dogayen gashi suna leƙowa ta tagogi. Sai dai komai shuɗi ne ko ruwan toka, domin hasken rana a gajiye yake isowa can ƙasa.

Da suka karya kwana sai ta hango wata unguwa fara fat, tana ɗaukar ido, jama'a sun taru a ƙofar gidaje. Tasalla 'yar biki ce, ta san inda aka yi sabon shafe akwai shagali. Ta washe baki ta ɗaga murya.

"Barkanku da shafe! Aure ake ko suna?"

Unguwar ta yi tsit. Wata tsohuwar aljana ta rufe fuska da gashinta. Jakadiya ta matso kusa da kunnen Tasalla ta ce, "Rufa mana baki. Gidanmu in ya mutu fari yake zama. Wannan ce unguwar gabas, zaman makoki kika tarar." Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta bi su ɗaya ɗaya tana yi musu gaisuwa, wasu suka amsa, wasu suka kau da kai.

A ƙarshen unguwar garu ya ɓare, tarkace ya zube ko'ina, igiyar ruwa mai ƙarfi tana shigowa ta kafar tana kwashe ƙananan kifaye. A tsakiyar kafar Nomau yake tsaye, an sa masa tasa katantanwar a baki. Dutse ya riga ya cinye ƙafafunsa ya kai ƙugu, kana kallo kana ganin yana hawa.

"Tasalla! Me ya kawo ki? Duk mazan garin ina suke?"

"Suna walaha, Yaya."

Ba su ƙarasa magana ba ruwa ya dare gida biyu, Magajiya ta iso. Aljana ce doguwa, zaune a cikin wani ƙaton kwanson kawa da kifaye ke ja, gashinta ya bazu a bayanta, 'yan kifaye suna wasan ɓuya a ciki. Idanunta ba sa ƙiftawa. Tasalla ta zube ta kwashi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, alfarma na zo nema, ba gardama ba. Yayana ya yi laifi."

"Ya yi," in ji Magajiya. "Kin ga unguwar da kika yi wa barka. Tun da muka kama shi yake cewa a yi haƙuri, amma bakin ɗan Adam mun san shi. Mu nan, in ɗayanmu ya yi nadama launin jikinsa yakan sauya, kowa ya gani ya shaida. Wannan kuwa yadda ya zo haka yake, ko gezau. Ban ga abin da zan yafe ba."

Tasalla ta dubi dutsen, ya wuce cibiya. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ba shi kaɗai ke jefa nakiya ba. In kun gina shi yau, gobe wani zai jefa. Mutanen tudu ba su taɓa ganin birnin nan ba, a wurinsu ruwa ne kawai mai kifi a ciki. Wannan akwati da ke wuyana yana ɗaukar kamannin abu ya kai shi inda bai je ba. Ki bar ni in kai musu birninki su gani."

Magajiya ta ce, "Ɗauki birnina yadda yake. In abin da kika ɗauka ya gamsar da ni, sai mu sake magana."

Aiki ya zo hannun mai shi. Da umarnin Magajiya, kifayen da suka daɗe suna wahalar da Tasalla yau suka ji magana. Ta jera manya a baya, ƙanana a gaba, ta ce wa wannan ya ɗaga kai, wancan ya daina hamma. Ta zaunar da Magajiya a tsakiya. Da ta hango farar unguwa da ɓarakar garu a bayansu, hannunta da kansa ya nemi labule. Ta kira wani garken kifaye masu ƙyalli, ta jera su sahu-sahu suka rufe wurin ruf. Ta danna, fitila ta walƙa.

Da ta juya musu bayan kyamarar suka ga hoton, birnin ya ruɗe. Hasken rana kafin ya iso can ƙasa yakan zubar da ja a hanya, fitilar Tasalla ce ta zo musu da shi. Gidajen da suka sani ruwan toka, ga su jawur, ga ruwan goro, ga ruwan hoda. Wani tsohon kifi ya matso har hancinsa ya taɓa gilashin, ya ce, "Wannan ni ne? Tun da aka haife ni nake zaton ni mai launin laka ne." Aka yi ta turereniya, kowa na neman kansa. Magajiya ta dubi zanen da ke jikinta, ta dubi na cikin hoton.

"Wane suna kuke ce wa wannan launi?"

"Ja, ranki ya daɗe."

"Ja," ta maimaita a hankali. "Ashe haka Allah ya ƙawata mu ba mu sani ba. Wannan kyauta ce, 'yar tudu, kuma na gode. Amma ina unguwar gabas?"

Kafin Tasalla ta buɗe baki, gishiri ya cika shi. Katantanwar ta soma narkewa, ruwa ya sheƙa mata ta hanci, ƙirjinta ya ɗauki zafi.

"Ban yi ƙarya ba!" ta ce tana tari.

"Akwatinki ya yi miki," in ji Jakadiya.

Magajiya ba ta ɗaga murya ba, amma ruwan wurin ya yi sanyi ƙalau. "Na gane, a tudu wannan mutunci ne, kin sakaya mana tsiraicinmu. To, wanda ya ga hoton nan zai ce lafiya lau muke, ya koma gida ya ɗura wata kwalbar. Ba sutura na roƙe ki ba."

Tasalla ta kori garken kifayen. Ta ɗauki fararen gidaje, ta ɗauki tarkace, ta ɗauki tsohuwar da ta rufe fuska da gashi. Da ta zo kan ɓarakar garun sai ta ɗan karkata kyamarar, yadda kafar za ta fito amma wanda ke tsaye a cikinta ba zai fito ba. Innarsu ta tuna, tsohuwar da ba ta taɓa jin kunya a garin nan ba. Ta tuna 'ya'yansa da za a riƙa nunawa da baki a hanyar makaranta. Katantanwar ba ta daina narkewa ba, ta dawo kamar ƙwayar gero. Dutse kuwa ya wuce ƙirjin Nomau ya kama wuya.

"Tasalla," in ji shi, muryar na fita da ƙyar. "Juyo da abin nan."

"Yaya, a kasuwa za a rataya shi. Duk gari za su gani. Inna za ta gani."

"Su gani. Ni na yi. Tun da aka tsayar da ni a nan, akwai wata 'yar kifi da ke ta zuwa tana komawa. Takan kewaya inda gidanta yake, ta leƙa nan ta leƙa can, ta tsaya ta dube ni, ta tafi. Ba ta taɓa ce mini komai ba. Ko dutsen nan zai rufe ni, ɗauka ki kai musu."

Ta ɗaga kyamarar. Ba ta ce ya ɗaga kai ba, ba ta ce ya yi murmushi ba. Ta danna.

Hoton ya fito da komai: farin kango, garun da ya ɓare, Nomau a tsakiya dutse har haɓa. Idanunsa kuwa sun kaɗa sun yi jawur, sun kumbura. Babban yatsanta ya tafi da kansa kan maɓallin da take goge irin wannan da shi, don ba ta taɓa barin jan ido ya fita a hotonta ba. Saura ƙiris ta danna, ta janye yatsan. Ta miƙa wa Magajiya kyamarar yadda take. Nan take gishirin bakinta ya tsaya.

Magajiya ta ƙura wa hoton ido. Can ta ce, "Ga launin nan da kika koya mini, a cikin idonsa. Me ya kai shi nan?"

"Ranki ya daɗe, mu launin jikinmu ba ya sauyawa. In mutum ya daɗe yana kuka, idonsa ne ke yin ja. Hawayen kuwa ruwanku ya shanye su, ga su da gishiri irin nasa, babu yadda za ku bambance."

Magajiya ta sauko daga kwansonta, abin da mutanen birnin suka ce ba su taɓa gani ba. Ta je gaban Nomau ta ce wa Tasalla ta sake haska fitilar. Aka haska. Ta gani da idonta, jama'ar unguwar gabas ma suka matso suka gani.

"Ashe tun tuni yake ba mu amsa," in ji ta, "mu ne ba mu da fitila." Ta juya ga masu makoki. "Jininku ne, ba nawa kaɗai ba. Me kuka ce?"

Tsohuwar aljana ta yaye gashinta daga fuska. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce, "A sake shi. Kukansa ba zai dawo mini da kowa ba, amma na ga ya san abin da ya yi."

Aka kira magina, wasu kifaye masu baki irin na aku, suka hau gurgurar dutsen. Suka fito da wuya, suka fito da ƙirji, suka fito da gwiwoyi. Dugadugin hagu ne kawai dutsen ya riga ya shige cikin ƙashi, suka ce wannan sai dai ya tafi da shi.

"Saura kafar garuna," in ji Magajiya. "Rassan da suka karye, in an dasa su suna kamawa. Hannu ne ba mu da shi, kai kuwa kana da biyu."

Nomau ya faɗi ya yi godiya har bakinsa na harɗewa, ya ce muddin yana numfashi hannuwansa nasu ne. Tasalla ma ta yi godiya, Magajiya ta ce ita ce da godiya, aka yi ta mayar wa juna har sai da Jakadiya ta tuna musu cewa abin da ya rage a bakin yarinyar nan ba zai jira a gama ladabi ba. Ta goya su duka biyun ta yi sama. Kansu na ɓullowa saman ruwa, ƙwayar katantanwar ta ƙarasa narkewa.

Tasalla ta wanke hotunan manya-manya, ta rataya su a rumfar kasuwar kifi, na jan birni a gefe guda, na farin kango da Nomau a ɗaya gefen. Ba zan ce muku garin ya shiryu rana ɗaya ba. Akwai waɗanda suka yi dariya, suka laƙaba masa Nomau Katanga, sunan kuma ya bi shi. Amma dariyar ba ta yin nisa in mutum ya kai ga idanun nan. Mata suka fara tambayar mai kifi da me ya kama kafin su taya. Sarkin Ruwa ya tara masunta ya hana nakiya, ya yi jawabi mai zafi kamar shi ya je ƙarƙashin tekun. Nomau kuwa kullum yana tsaye kusa da hotonsa kafin ya tafi dashe, wanda duk ya tambaya ya ba shi labari, ba ya rage komai.

Inna ce kaɗai ba ta zo ba, ita ce kuma Tasalla ke tsoro. Sai wata ranar kasuwa aka hango ta tafe da sandarta. Nomau ɗan farinta ne, saboda haka tun da ta haife shi ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Jama'a suka dare mata. Ta wuce hoton jan birni ko kallo bai ishe ta ba, ta tsaya a gaban ɗayan. Ta tsaya har masu kallonta suka gaji suka koma cinikinsu.

Tasalla ta matso kusa da ita. "Inna, ki yi haƙuri. Ba don in kunyata gidanmu na yi ba."

"Wa ya ce ki rataya shi inda rana ke duka? Ai sai ya koɗe," in ji Inna, ba tare da ta juyo ba. "Ki wanke mini ƙarami, wanda zai shiga cikin adudu."

"Ina da wani nasa mai kyau, Inna, na ranar Sallah, da babbar riga da hula."

"Wannan nake so." Ta kai hannu ta shafa gefen hoton. "Tun da na haifi yaron nan ban taɓa samu na ƙare masa kallo ba sai yau. Allah ya yi miki albarka."

Ta juya ta kama hanyar gida. Ta bi ta gaban Nomau kamar ba ta san da mutum a wurin ba, sai da ta gota shi ta yi magana tana kallon gabanta.

"A faɗa wa wancan tuwonsa na hucewa."

Nomau ya goge fuska da hannun riga, ya bi bayanta yana ɗingishi, dugaduginsa na ƙwanƙwasa ƙasa har suka shige lungu.